Kamus ɗin Oxford na masu koyon Turanci, da kalmar "fine"

Masu tambaya wane kamus ya kamata a saya wa ɗan sakandare ko mai shirin JAMB, ni dai amsata ɗaya ce, Oxford Advanced Learner's Dictionary, ko littafin ko shafinsu na intanet wanda kyauta ne in dai akwai data. Wani malami ɗan Ingila, A. S. Hornby, da ya daɗe yana koyar da Turanci a Japan shi ya haɗa shi, Oxford suka fara buga shi a 1948, bugu na 10 ya fito a 2020. Dama don waɗanda ba da Turanci aka haife su ba aka yi shi, shi ya sa bayanin ba ya wahalar da mutum.

Ni ba da manyan kalmomi nake auna kamus ba, da ƙananan nan da kowa ke ganin ya iya. Ɗauki fine. Tun firamare muke rera we are fine thank you sir, sai muka ɗauka lafiya lau kawai take nufi, ashe abin ya wuce nan. Ka buɗe shafin za ka ga an jera ma'anonin da lamba, kowacce da jimlolin misali, ga lafiya, ga abu mai inganci sosai, ga yanayi in gari ya yi wasai ba ruwa ba hadari, ga abu mai laushi kamar gari ko rairayi, ga abu siriri kamar zare ko gashi, sannan ga wacce ta fi ruɗa mutane wato "ba laifi". Bature in ya ɗanɗana girkinki ya ce it's fine, Hajiya ba yabo ba ne can can, cewa ya yi za a iya ci. In kuma ana cikin gardama aka ce maka fine a gajarce, to wallahi ba lafiya, an dai ƙyale ka ne. Tara da ake ci a kotu ita ma fine ce amma suna ce, sun ware ta daban, kuma hakan ya burge ni don yara suna yawan haɗe su.

Akwai ɗan lasifika da za ka danna ka ji furucin Ingila da na Amurka, wannan kaɗai ya isa dalilin shiga shafin.

Inda na rage masa maki, komai da Turanci ne, wanda bai yi nisa ba sai ya nemi mai fassara masa. Sannan yadda ake cewa fine girl a titunan Najeriya, kusan kullum kyawun fuska ake nufi, a kamus ɗin kuwa wannan ma'anar ba ita ce kan gaba a jerin ba. In littafin za ka saya ka duba takardar da kyau, akwai na jabu a kasuwa, rubutun dishi-dishi kuma ba a daɗewa shafukan ke fara zubewa.