Sharhi kan FreeCAD: manhajar da ta raba ni da yawo da samfurin ƙarfe a leda

Duk mai gyaran injin niƙa ko injin ban ruwa ya san yadda muke yi idan kayan gyara ya yi wuya a kasuwa. Ka cire ƙarfen da ya lalace, ka ƙunshe shi a leda, ka kai wa mai injin feƙe ƙarfe ka ce ya yi maka irinsa. Shi kuma ya auna abin da ka kawo ya kwafa. To ai ƙarfen ya riga ya cinye, shi ya sa ma ka cire shi. Ramin da asalinsa milimita 47 ne ya buɗe ya kai 47.3, sai a feƙe maka sabo a kan 47.3, ka sa boris ya kama rawa tun ranar farko. Mai feƙewa ba shi da laifi, abin da aka ba shi ya yi. Kamar ka kai wa tela tsohuwar riga da ta saki ne ka ce ya ɗinka irinta, maimakon ka tsaya ya auna ka.

Wannan ne ya sa na shiga neman manhajar zanen kayan inji a kwamfuta, irin waɗanda ake kira CAD. Buƙatata ba ta da yawa: gidan boris, fulin da bel ke hawa, wosha mai kauri, farantin ɗaure mota a jikin firam. Na duba manyan sunayen da ake ambata. SolidWorks ita ce ta manyan masana'antu, lasisinta kuwa ya fi ƙarfin ƙaramin shago. Fusion ta kamfanin Autodesk tana da sigar kyauta, amma an ware ta ne ga wanda ba kasuwanci yake yi da ita ba, kuma zane 10 kawai za ka iya buɗewa don gyara a lokaci guda. Onshape tana da daɗin aiki, sai dai a burauza take, in babu intanet babu aiki, kuma a tsarinta na kyauta duk abin da ka zana a buɗe yake ga kowa ya gani. Na san akwai masu sa kwafin sata na manyan manhajojin. Ni ban yarda in ɗora abincina a kan wannan ba.

FreeCAD ce ta rage, kuma ita na riƙe. Kyauta ce ta gaskiya, babu rajista, babu kuɗin wata, kuma lasisinta bai hana ka cin abinci da ita ba. Tana aiki a Windows da Linux da macOS. Data sau ɗaya za ka kashe, wajen sauke ta, ɗaruruwan megabait ne, kuma kana iya karɓa a filasha daga wanda ya riga ka. Daga nan ko sabis ya ɗauke aikinka bai tsaya ba. Wani Bajamushe, Jürgen Riegel, shi da abokan aikinsa suka fara ta tun 2002, masu sa-kai suka yi ta gina ta fiye da shekara 20 kafin siga ta 1.0 ta fito a Nuwamba 2024. Ina roƙon duk mai farawa kada ya sa wadda ta gaza 1.0, zan faɗi dalili a gaba. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma suna iya juya ta zuwa Faransanci.

Buɗewar farko ba ta da daɗi, gara in faɗa tun yanzu. Manhajar a rarrabe take gida-gida, kowane gida da kayan aikinsa, wani na zanen gini, wani na gwajin ƙarfin ƙarfe, wani na sarrafa injin CNC, wato injin da kwamfuta ke juyawa yana yanka ƙarfe. Sabon shiga sai ya rasa ƙofar da zai bi. Abin da ya fi rikitarwa shi ne akwai gida mai suna Part, akwai kuma Part Design, kuma hanyoyin aikinsu daban ne. Mai zanen ƙananan kayan inji ya tsaya a Part Design da Sketcher, ya kau da kai daga sauran har sai hannunsa ya faɗa. Ya kuma nemi linzamin kwamfuta mai ƙafa a tsakiya, domin juya zane da yatsa a kan allon laftof yana cinye haƙuri.

Sketcher ita ce zuciyar aikin, a nan mafi yawan mutane ke karaya, kuma a nan ne na ga abin da ya sa nake yabon manhajar. Idan ka ja layi ko da'ira, manhajar ba ta ɗaukar cewa ka gama. A wurinta da'irar da ka zana tana iya motsi ta hanyoyi uku: tsakiyarta ta je hagu ko dama, ta je sama ko ƙasa, ko kuma faɗinta ya ƙaru ko ya ragu. Layi yana da huɗu. Aikinka shi ne ka ɗaure su ɗaya bayan ɗaya. Ka ce tsakiyar nan a kan cibiya take, faɗin nan milimita 47 ne, wannan layin a kwance yake, waɗannan biyun tsawonsu ɗaya. A gefe akwai lissafin hanyoyin motsin da suka rage, kana ɗaurewa yana raguwa, in ka danna shi ya nuna maka inda bai ɗauru ba. Idan ya ƙare sai zanen ya koma kore. In kuwa ka ɗaure abu ɗaya sau biyu, ko ka ba da awo biyu masu karo da juna, nan take za ta yi maka gargaɗi.

Da farko wannan yana kama da takura. Amma a tuna irin zanen da muke yi da biro a bayan kwali. Sau nawa ake rubuta faɗin faranti da na rami, a manta da tazarar da ke tsakanin ramukan noti, sai mai feƙewa ya cike gurbin da zatonsa? Manhajar ba ta da zato. Duk awon da ba ka faɗa ba tana nan tana jira, dole ka koma jikin injin da ma'aunin baniya, wato ma'aunin nan mai baki biyu da ake auna faɗi da kauri, ko ka buɗe teburin awo na boris. A ganina wannan horon ya fi hoton mai juyawa a allo daraja nesa ba kusa ba.

Ga yadda na zana gidan boris mai lamba 6204. Awon wannan boris ɗaya ne a duk duniya: ramin ciki milimita 20, faɗin waje 47, kauri 14. Don haka ban auna tsohon gidan da ya cinye ba, na ɗauki awon daga boris ɗin. Tunda abu ne da za a feƙe a inji mai juyawa, sai na yi tunani irin na mai feƙewa. Na zana rabin yankinsa kawai, kamar an tsaga shi gida biyu ana kallon bakin tsagar: mazaunin boris mai zurfin 14, kafaɗar da za ta tokare shi, ramin da shaf zai wuce, da farantin waje mai faɗin 110. Sai na danna Revolution, ta juya zanen digiri 360 ya zama ƙarfe guda. Ramukan noti kuwa ɗaya na yi, a nisan milimita 40 daga cibiya, na ce wa Polar Pattern ta maimaita shi sau 4. Kayan aikin Hole ya san ma'aunin noti, kana zaɓar M8 zai ba ka ramin milimita 9 wanda notin zai wuce ba tare da cijewa ba. In zare za a yanka a ramin, sai a huda 6.8. Abin da ba mai juyawa ba ne, kamar farantin mota, Pad ke ba shi kauri, Pocket ta ƙwaƙule inda kake so. Da waɗannan 'yan kayan aikin za a zana mafi yawan abin da ƙaramin shago ke buƙata.

Daɗin ya fito ne da aka kawo wani injin mai boris 6205, wanda awonsa 25 da 52 da 15. Ban sake zane ba. Na buɗe na farko, na canja lambobin, komai ya gyara kansa. Daga baya na koma zuba awo a Spreadsheet, wato teburin lissafi da ke cikin manhajar, in ba kowanne suna, zanen ya riƙa ɗauka daga can. Yanzu fayil ɗaya ke ba ni gidan boris kowace lamba.

Sai aibobi, don akwai su. Mafi shahara shi ne wanda masu gina ta da kansu suka daɗe suna fama da shi. Manhajar tana ba kowace fuska da kowane gefe lamba, ta kuma gane su da lambar. In ka ɗora zane a kan wata fuska, sannan ka koma baya ka ƙara rami, lambobin na iya sauyawa, sai zanen ya tsinci kansa a wata fuskar daban, ko ginin ya watse. Siga ta 1.0 ta shigo da gyaran da ya samo asali daga aikin wani mai sa-kai da aka sani da RealThunder, kuma matsalar ta ragu ƙwarai, wannan ne dalilin da na ce kada a sa tsohuwa. Duk da haka hanya mafi aminci ita ce a ɗora zane a kan shimfiɗun asali guda uku, XY da XZ da YZ, a kuma bar goge kaifin gefe, wato Fillet da Chamfer, sai a ƙarshe. Fillet ɗin ma yana da taurin kai. In lanƙwasar da ka nema ta kai faɗin fuskar da ke kusa, sai ya ƙi, kuma saƙon da yake bayarwa ba ya nuna wa sabon shiga inda gizo ke saƙar. Rage lambar kaɗan yakan warware. Wani abin kuma, bidiyoyin koyarwa da yawa a YouTube na tsofaffin sigogi ne, maɓallan sun canja wuri, har gidan da ake kira Path a da yanzu sunansa CAM. A duba sigar da mai koyarwa ke amfani da ita kafin a ƙona data.

Hoton da ke juyawa a allo ba shi mai feƙewa ke so ba, takarda yake so. Wannan aikin gidan TechDraw ne da ke cikin manhajar. Ka zaɓi shafin A4, ka jefa ƙarfen a kai, ta fitar da kallon gaba da na sama da na gefe, har da yankan tsakiya mai nuna zurfin mazauni, sai ka jera awo ka fitar da PDF. Nakan tura ta WhatsApp kafin in je, in kuma buga ɗaya a riƙe a bakin inji. TechDraw ba ta da sauri, jera awo yadda ba za su hau kan juna ba yana cin lokaci, amma takardar da take fitarwa tsaf take. Akwai tsari biyu na jera kallo a shafi, na Turai da na Amurka, kuma kallon da ke dama a tsari ɗaya, a ɗayan tsarin hagu yake komawa. Manhajar tana yin duka biyun. Ka tambayi mai feƙewarka wanne ya saba karantawa, in ba haka ba ana iya huda rami a ɓangaren da ba shi ba.

A nan kuma akwai iyakar da nake so a fahimta da kyau. A allo 47 cif take 47, a ƙarfe kuwa babu wannan. Dole ka rubuta iyakar da aka yarda awo ya kauce, kuma manhajar ba za ta zaɓa maka ba. Mazaunin boris irin wannan an saba ba shi H7, wato daga 47.000 zuwa 47.025. Shaf mai milimita 20 da zai riƙe boris ɗin kuwa akan so ya ɗan ɗara 20, misali k6, daga 20.002 zuwa 20.015, don ya shiga da matsi. Ma'aunin baniya na yau da kullum, mai karanta 0.02 ko 0.05, ba zai tabbatar da wannan ba, sai maikromita, ma'aunin da ke karanta awon da ya fi wannan ƙanƙanta. In mai feƙewar ba shi da ita, kai masa boris ɗin tare da takardar ya riƙa gwadawa. Kada kuma ka zuba irin wannan tsauraran awo a kan kowane gefe don kawai kana iyawa. Faɗin faranti na waje ko ya kauce da rabin milimita babu abin da zai faru, matsa shi ƙarin kuɗi ne kawai a kanka da ƙarin wahala a kan mai aiki.

Mai walda, mai gyaran injuna, ɗalibin kwalejin fasaha, da masu ƙere-ƙere irin na Panteka a Kaduna, duk ina ganin za su ci moriyarta. Tana fitar da fayil a tsarin DXF don masu yankan faranti da leza ko filasma, da tsarin STL don injin buga abubuwa na roba. Siga ta 1.0 ta zo da gidan Assembly na haɗa sassa wuri guda a ga ko sun zauna da juna, ya kuma ishi ƙaramin inji, amma wanda zai zana inji mai ɗaruruwan sassa a kan tsohuwar laftof zai ji nauyi. Ɗalibin da ke harin aiki a babbar masana'anta ya sani cewa a can sunan SolidWorks ko AutoCAD za a fi tambayarsa, sai dai ɗaure zane da gina ƙarfe mataki-mataki da ya koya a nan su zai tarar a SolidWorks, maɓallan ne kawai za su canja. Kuma kowa ya riƙa ajiye kwafin aikinsa a tsarin STEP bayan fayil ɗin FreeCAD na asali, domin STEP ne kusan duk sauran manhajojin ke buɗewa, ko da yake siffar ƙarfen kaɗai yake ɗauka, ba ya tafiya da matakan da aka bi wajen gina shi.