Ahaliyya mai harshe biyu ko alamiyya? Amsa ga Maman Sadiq a Jidda

Maman Sadiq ta aiko da tambaya daga Jidda. Maigidanta yana aiki da igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, yaransu biyu: Sadiq ɗan shekara 11 da ke aji biyar a makarantar gwamnati, da ƙanwarsa 'yar shekara 5 wadda baɗi za ta shiga aji ɗaya. A gida Hausa ake yi, a waje Larabci. Ta duba makarantun kuɗi biyu, ɗaya ahaliyya, wato mai zaman kanta ta cikin gida, da ke cewa tana koyarwa da harshe biyu, ɗaya kuma alamiyya, wato ta ƙasa da ƙasa. Tana so ta san wacce ta fi.

Hajiya, kafin a je kallon gini da filin wasa, ku zauna ke da Baban Sadiq ku yanke magana ɗaya: idan yaran nan suka gama sakandare, ina za su nufa? Jami'a a nan Saudiyya, ko gida Najeriya, ko wata ƙasar kamar Masar, Malesiya ko Ingila? Takardar da yaro zai riƙe ranar da ya gama ita kuke saye da kuɗinku, kuma kowace takarda da ƙofar da take buɗewa.

Sai kuma kalmar nan "harshe biyu". Abu uku ake sayarwa da sunanta. Wata makarantar manhajar Saudiyya ce tsantsa, komai da Larabci, an dai ƙara yawan darasin Turanci. Wata kuma manhajar Saudiyyar ce, amma ana ƙara koyar da lissafi da kimiyya cikin harshen Turanci. Ta ukun tana da sashe biyu a gini ɗaya, sashen ƙasa da sashen da suke kira masar duwali, wato layin ƙasa da ƙasa, wanda a zahiri manhajar Amurka ce ko ta Ingila. Kada ki tsaya kan abin da ke rubuce a allon ƙofa. Ki ce a ba ki jadawalin mako na aji huɗu, ki ƙirga darasi nawa ake yi da Turanci daga Lahadi zuwa Alhamis. Ki ce a kawo littafin lissafi ki buɗe shi da hannunki. Idan lambobin na Larabci ne kuma bayanin daga dama yake tashi, kin san inda aka dosa. Sannan ki tambayi mudir, wato shugaban makarantar, kai tsaye: wace shahada, wato takardar kammala karatu, za ku ba yaro a ƙarshen aji 12, kuma wa ke bayar da ita?

Alamiyya ma ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai bin tsarin Ingila, inda ake zana jarrabawar IGCSE sannan A Level a ƙarƙashin Cambridge ko Pearson Edexcel. Akwai mai bin tsarin Amurka, inda makarantar da kanta ke ba da difloma bisa makin da yaro ya tara a aji 9 zuwa 12, a haɗa da jarrabawar SAT. Akwai diflomar ƙasa da ƙasa ta IB, mai darussa shida da maki 45, wadda makarantu kaɗan ke yi kuma yawanci masu tsada. Akwai kuma makarantun jaliya, wato na baƙi 'yan wata ƙasa, kamar na Indiya da Pakistan. Waɗannan suna da sauƙin kuɗi, amma 'yan ƙasarsu suke fara ɗauka, kuma shekarar karatun na Indiya daga Afrilu take farawa zuwa Maris, abin da ke rikita lissafin aji idan an tashi canja makaranta.

Ta fuskar Larabci da addini, ahaliyya ta yi wa alamiyya fintinkau. A manhajar Saudiyya yaro yana samun Alƙur'ani da tajwidi, tauhidi, fiƙihu da hadisi a matsayin darussan da ake jarrabawa a kansu, kuma yana rubuta fusha, wato daidaitaccen Larabcin littafi, kullum. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Larabcin da yaranmu ke yi a layi na Hijaz ne, na saye da sayarwa da wasa. Ba shi ne ake rubuta insha'i da shi ba. Su ma makarantun alamiyya Ma'aikatar Ilimi ta wajabta musu koyar da Larabci da darasin Musulunci da tarihi da labarin ƙasa na Masarautar, sai dai lokacin kaɗan ne. Akwai kuma wani tarko a nan. Galibinsu suna raba darasin Larabci gida biyu, na Larabawa da na waɗanda ba harshensu ba ne. Ana iya ganin koren fasfo kawai a jefa Sadiq cikin rukuni na biyu, yaron da ya yi shekara biyar yana karatu da Larabci ya koma zama da masu koyon alif, ba, ta. Shekara biyu a haka, rubutunsa ya tsaya cak. Ki nemi a gwada shi a sa shi rukunin Larabawa, kuma a rubuta hakan tun ranar rajista.

Ta fuskar Turanci kuwa, labarin ya juya. Tun 2021 ake fara koyar da Turanci daga aji ɗaya a manhajar Saudiyya, amma darasi ne guda cikin darussa. Yaro zai iya gaisuwa da hira, ya kasa karanta tambayar kimiyya mai layi biyar ya gane abin da ake nema. Masu binciken koyon harshe sun daɗe da nuna cewa harshen hira yakan samu cikin kamar shekara biyu, amma harshen karatu, wanda ake rubuta jarrabawa da shi, yakan ci shekara biyar zuwa bakwai. Wannan shi ya sa lokacin canja makaranta ya fi sunan makarantar muhimmanci.

Yanzu takardun, wanda nan ne aka fi yin asara.

Idan gida za su koma, JAMB da jami'o'in Najeriya kiredit biyar suke nema, har da Turanci da lissafi, a zama ɗaya ko biyu. IGCSE ta dace da wannan ma'auni kai tsaye, darasi-darasi da sakamakonsa, daga C zuwa sama, ko daga 4 a sabon tsarin 9 zuwa 1. Mai A Level kuma yana iya neman shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. Diflomar Amurka ba ta zuwa da wannan siffar ta kiredit biyar, haka ma shahadar sanawiyya, wato babbar sakandare, ta Saudiyya, wadda ban da haka sai an fassara ta, an buga mata hatimai, an kai ta tantancewa. Duk mai ɗaya daga cikin biyun nan, abin da ya fi masa kwanciyar hankali shi ne ya ƙara da WAEC ko NECO, kuma yaron da bai taɓa yin kimiyya da Turanci ba yakan sha wuya a nan. A tuna kuma JAMB ba ta rajista sai da lambar NIN, a nema wa yaro tun da wuri.

Idan kuwa nan za su ci gaba, manhajar Saudiyya ce miƙaƙƙiyar hanya. Jami'o'in gwamnati suna haɗa makin sanawiyya da na jarrabawar neman shiga jami'a ta Ƙudurat da Tahsili su fitar da kaso ɗaya, kuma wanda ba ɗan ƙasa ba galibi ta hanyar minha, wato tallafin karatu, yake shiga, gurbin ba yawa. Mai burin Shari'a ko Larabci a Jami'ar Musulunci ta Madina ko Ummul Ƙura ba abin da zai kai shi alamiyya. A sanawiyyar ma yanzu akwai masarat, wato layuka biyar: na gama-gari, na kwamfuta da injiniyanci, na lafiya, na kasuwanci da na Shari'a. Ki tambayi ahaliyyar waɗanne take da su, don ba kowace ke da duka ba. Ɗan tsarin Ingila shi ma yana iya neman jami'a a nan, amma sai an yi wa takardarsa mu'adala, wato an daidaita ta da ta Saudiyya. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa a IGCSE. A lissafin Najeriya ta isa a zana JAMB. A lissafin shekara goma sha biyu na karatu kuwa yaron bai gama sakandare ba, saura shekara biyu.

Abu biyu ƙanana da ke zama manya daga baya. IGCSE ta Turanci iri biyu ce, ta harshen farko da ta harshe na biyu, kuma ba kowace jami'ar waje ke ɗaukarsu daidai ba, don haka ki san wacce makarantar ke sa yara. Idan kuma tsarin Amurka ne, diflomar ba ta da wani nauyi sai makarantar tana da amincewar wata hukumar tantancewa kamar Cognia. Kada ki yarda da tambarin da ke jikin takardar talla. A shiga shafin hukumar a nemi sunan makarantar da reshen da yaron zai zauna, domin amincewar reshe ɗaya ba ta rufe sauran. Haka za a yi da lambar cibiyar Cambridge. Makarantar da ba cibiya ba ce tana iya koyar da manhajar, amma yaranta sai sun yi rajistar jarrabawa ta British Council.

Batun aji ma yana rikita iyaye. A tsarin Saudiyya da na Amurka, aji ɗaya a shekara 6 ake shigarsa. A tsarin Ingila kuwa Year 1 a shekara 5 ne, saboda haka lambarsu tana gaba da ɗaya: aji shida shi ne Year 7. Idan aka ce an sa Sadiq Year 7 baɗi, ba tsallake aka yi masa ba, ajinsa ne. Ƙanwarsa kuma idan aka jira sai baɗi, sa'anninta suna Year 2, sun riga sun yi shekara ɗaya ko biyu suna haɗa baƙi da Turanci.

Kuɗi. Farashin da ake faɗa miki a ofis ba shi ne za ki biya ba. A ɗora masa dariba, wato harajin VAT na kashi 15 cikin ɗari, wadda gwamnati ke ɗauke wa 'yan ƙasa a kuɗin makaranta amma mai igama shi ke biyan tasa. A misali, idan an ce riyal 20,000, to 23,000 ne. Sai kuɗin rajista da ba a mayarwa, motar makaranta, yunifom, da littattafai, waɗanda a alamiyya daga waje ake kawo su. A shekarar IGCSE kowane darasi da kuɗin jarrabawarsa daban. Duk wannan a kan kuɗin murafiƙ, harajin da mai igama ke biya kan iyalinsa, na riyal 400 a wata ga kowane yaro, wato 4,800 a shekara. Galibi ahaliyya ta fi sauƙi, amma akwai ahaliyyar da ta fi ƙaramar alamiyya tsada. Ki nemi jadawalin kuɗin dukan azuzuwa har zuwa na ƙarshe, saboda kuɗin yana hawa daga firamare zuwa ƙaramar sakandare zuwa babba. A lissafa abin da albashi zai ɗauka a shekarar da yaran biyu ke manyan azuzuwa. Cire yaro daga alamiyya a aji tara saboda kuɗi sun gaza, a mayar da shi karatu da Larabcin da ya bari shekara uku, ya fi rashin sa shi tun farko muni. Kuma tunda zama da igama ba tabbas, a karanta abin da yarjejeniyar ta ce idan kwantiragin aiki ya ƙare a tsakiyar shekara: kuɗin zango za a riƙe ko na shekara duka?

'Yan'uwa na Makka masu tunanin kai yara Jidda kullum, a yi lissafin tafiyar kusan kilomita 80 sau biyu a rana ga yaron firamare. Sannan jarrabawar Cambridge a Mayu da Yuni ake yin babbarta, kuma a 'yan shekarun nan tana haɗuwa da kwanakin Hajji. A 2025 ranar 6 ga Yuni aka yi Babbar Sallah.

To ga ra'ayinmu a kan yaranki. Idan Najeriya ko waje kuka nufa, Sadiq yana bakin ƙofa, kuma ƙofar ba ta daɗewa a buɗe. Idan ya shiga tsarin Ingila baɗi yana da shekara uku cur kafin a fara darussan IGCSE a Year 10. Za su yi masa gwajin shiga na Turanci da lissafi. Idan suka ce ya maimaita aji, a karɓa, shekara ɗaya a yanzu ta fi faɗuwa a jarrabawar ƙarshe sauƙi. A tambaya ko suna da malamin tallafi ga masu raunin Turanci, sau nawa a mako, kuma ko da kuɗi ne. A yi tsammanin makinsa zai faɗi a zangon farko, yaron da ya saba ɗaukar mumtaz, wato maki mafi kyau, ya kawo sakamako tsaka-tsaki. Ba lalaci ba ne, kada a yi masa faɗa. Larabcinsa kuwa ya riga ya kafu, halƙar tahfiz ta masallaci bayan la'asar za ta taimaka wajen riƙe shi.

Ƙanwarsa ba gaggawa. Mun fi son ta yi firamare a ahaliyyar da ke koyar da lissafi da kimiyya cikin harshen Turanci da gaske, ta kafa fusha da karatun Alƙur'ani, sannan a aji shida a sake duba inda iyali suka dosa. Larabcin rubutu ya fi wuyar kamowa daga baya idan aka tsallake shi a ƙuruciya, Turanci kuwa yana ko'ina, a waya da talabijin. Akwai kuma tambayar wa zai zauna da ita kan aikin gida da daddare. Idan Larabcinki ya fi Turancinki ƙarfi, wannan ma ya rinjayar da ma'aunin zuwa ahaliyya.

Wata malamar za ta iya ce miki ku daina Hausa a gida don kada yarinya ta rikice. Kada ki bi. Yaron da ya iya ba da labari da jera magana a harshen uwarsa yana ɗaukar wannan iyawar zuwa sabon harshe, kuma gurguwar Ingilishi a gida ba ta ƙara masa komai.

Kafin ki biya ko riyal ɗaya, ki tabbatar igamar kowane yaro da ranta, a shirya fasfo, takardar haihuwa, katin rigakafi da sakamakon shekarun baya. Ki tabbatar makarantar tana da lasisin Ma'aikatar Ilimi na matakin da yaron zai shiga, kuma canjin Sadiq ya bayyana a tsarin Nur, wato shafin rajistar ɗalibai na Ma'aikatar, sunansa ya fita daga tsohuwar makaranta ya shiga sabuwa. A duba yadda aka rubuta sunan da harafin boko da na Larabci, ya zo daidai da na fasfo harafi da harafi, domin da wannan rubutun takardar jarrabawa za ta fito.