Doron tsauni ko kwazazzabo: wanne za a bi inda babu hanya?

Wani ɗan'uwa ya ce yana shirin hawa wani tsauni da ke can nesa da mutane, wanda babu ko turbar ƙafa a kansa, kuma taswira ta nuna masa mahawa biyu: doron tsaunin, da kwazazzabon da ƙorama ke gangarowa ta cikinsa. Ya tambaya wanne ya fi. Ɗan'uwa, shawarata ita ce ka bi doro, sai fa idan hadari ya haɗu.

Kwazazzabo yana jan hankalin wanda ke tsaye a gindin tsauni, domin akwai inuwa da ruwa, yana kare mutum daga iska, kuma ga shi tamkar hanyar da aka riga aka share. Sai dai duk abin da ya ɓalle daga sama, dutse ne ko ruwa, ta nan yake biyowa. Ruwan da aka yi a ƙololuwa, wanda ko yayyafinsa bai taɓa ka ba, yana iya cika kwazazzabo cikin 'yan mintoci, alhali bangon dutse ya tsare ka dama da hagu. Ga santsin gansakuka, ga sarƙaƙiya duk inda ƙasa ke da laima. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙorama ba ruwanta da tsawon inda za ta faɗo, don haka kana iya shafe awa biyu kana bin ta, ka tarar da miƙaƙƙen dutsen da ruwa ke zubowa daga kansa, dole ka juya.

A kan doro kuwa ƙasa ta fi bushewa, ciyawa ta fi gajarta, kuma ido yana kaiwa nesa, yadda za ka riƙa gwada abin da kake gani da abin da ke cikin taswira. Dorayen tsauni suna haɗuwa ne a sama, saboda haka da wuya mai hawa ya ɓata. Amma babu ruwa, sai wanda ka ɗauko, kuma iska ba ta da shamaki, ga zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a duk mita 1,000 da aka hau. Babban haɗarinsa aradu ne. Ƙara tana tafiyar kusan kilomita 1 cikin daƙiƙa 3, don haka idan tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, ka bar doron nan take, amma ka tsaya a gefen gangara, kada ka faɗa tsakiyar kwazazzabo.

Wajen saukowa ne lissafi ke juyawa, kuma nan ne ya kamata ka fi sa hankali. Dorayen da suka haɗu a sama rarrabuwa suke yi ta ƙasa, kuma idan hazo ya rufe, ƙaramin kuskure a mararraba zai kai ka wani kwari dabam. Ƙoramu suna haɗuwa ta ƙasa, shi ya sa ake cewa a bi ruwa idan an ɓata, amma mai saukowa ba ya ganin ramin da ke gabansa sai ya zo bakinsa. Ka riƙa waiwayawa tun kana hawa, ka lura da kowace mararraba, ka rubuta alƙiblar da kamfas ya nuna.

Game da lokaci, William Naismith, wani mai hawan tsaunuka ɗan Sikotilan, ya kawo wani ma'auni a 1892: awa 1 ga kowane kilomita 5, a ƙara awa 1 ga kowace mita 600 ta hawa. Wannan na mai ƙarfi ne a ƙasa mai sauƙin takawa. Inda babu hanya sai ka ƙara sosai, a kwazazzabo kuwa ni ninkawa nake yi. Ka tsayar da ƙarfe nawa za ka juyo tun kafin ka tashi, ka kuma sanar da wani mutum doron da za ka bi.