Baƙin hayaƙi da kakkarwar inji: motar kafireta da motar injekta

Malam Sani ya yi tambaya a kan Golf 3 ɗinsa da yake jigilar fasinja da ita daga Gumel zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Ya ce motar tana kakkarwa idan tana silo, salansa tana fitar da baƙin hayaƙi, kuma shan manta ya ƙaru. Ya ƙara da cewa yayansa yana da tsohuwar Fijo 504 a-kori-kura wadda ta taɓa yin irin wannan ciwo, aka wanke mata kafireta aka sauya matatar iska, ta warke. Yana so ya san ko maganin da ya yi wa waccan zai yi wa tasa.

Malam Sani, hayaƙin motocin biyu magana ɗaya yake faɗa, amma ba wuri ɗaya za a nemi mai laifi ba. Injin fetur yana son wajen kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi, kuma duk lokacin da mai ya rinjayi iska, ragowar da ba ta ƙone ba ita ce take fita baƙi ƙirin. Wannan ya bambanta da shuɗin hayaƙi, wanda yake nuna baƙin mai ne yake haurowa ta ringi, da kuma fari mai kauri da ba ya yankewa, wanda yawanci ruwan lagireto ne ya samu hanya ta gasket. Ka fara tabbatar da launin da rana tsaka, wani ya taka maka totur kai kana tsaye a baya.

A motar yayanka, babu wanda yake yanke hukuncin yawan mai sai ƙarfe da iska. Iska ce take zuƙo fetur ta ƙananan ramukan kafireta yayin da take wucewa, saboda haka idan ƙurar hunturu da ta hanyar burji ta toshe matatar iska, injin yakan zuƙi mai fiye da kima, tamkar an ja cok, wato abin da ake ja don ƙara wa inji mai idan yana da sanyi, an manta da shi. Sauran dalilan ma ido yana iya ganinsu: cok da ya maƙale, ko fulot, wato abin da yake yawo a kan mai a kwanon kafireta, da ya huje ya nutse, ko allurar da take rufe wa mai hanya ta cinye har kwanon kafireta yana ambaliya, ko kuma wani ya murɗa kushin silo ya wuce wuri. Duk bakaniken ƙauye mai hankali zai iya gano waɗannan da sukundireba a ƙarƙashin bishiya, shi ya sa gyaran 504 ya zo da sauƙi.

Taka motar kuwa, idan ba a sauya mata tsari ba, motar injekta ce, ba ta da kafireta, ko da yake abin da ke kan injin wasu Golf 3 masu 1.8 ya yi kama da ita ƙwarai, har wasu suna kiransa haka. Nozul, wato bakin da yake fesa mai, guda ɗaya ne a ciki yake ciyar da silinda huɗu, wasu injinan kuma kowace silinda da nata. A nan ƙwaƙwalwar mota, wadda masu gyara suke kira burenbokis, ita take auna mai, kuma da labarin da sansa-sansa suka kawo mata take aiki. Idan aka kawo mata labarin ƙarya, za ta zuba mai da yawa alhali ita lafiyarta ƙalau. Wannan ne ya sa toshewar matatar iska, wadda ita ce abin zargi na farko a motar kafireta, ba ta cika haifar da baƙin hayaƙi a taka ba sai ta yi muni sosai, domin sansar da ke jikin salansa tana jin mai ya yi yawa sai ƙwaƙwalwa ta rage. Abin da za ka fi ji shi ne mota ta yi nauyi a hanya. Duk da haka ka duba ta, tunda dubawar kyauta ce.

Inda na fi zargi a motarka shi ne wajen zafin inji. Motar kafireta tana da cok da ake ja da safe, ita kuwa motar injekta sansar zafin ruwa ce cok ɗinta: muddin ta ce inji da sanyi, ƙwaƙwalwa za ta ci gaba da ƙara mai. Idan sansar ta mutu, ko wayarta ta yi tsatsa, mota za ta wuni tana shan mai irin na asuba. Akwai kuma al'adar da ta zama ruwan dare a garejinmu, ta cire tamostat, wato abin da yake tare ruwan lagireto har sai inji ya yi zafi, a haɗa fanka kai tsaye wai don ƙasarmu da zafi. A 504 ɓarnar wannan ba ta fitowa fili da wuri, amma a Golf, wadda aka gina don allurar zafinta ta zauna wajen 90, cire shi yana hana inji kaiwa zafin aikinsa, musamman da sanyin safiyar hunturu. Ka lura da allurar daga Gumel zuwa Maigatari. Idan ba ta tashi ba, ka tambayi wanda ya taɓa maka lagireto ko tamostat yana nan.

Bambanci na gaba shi ne ƙarfin turin mai. Famfon motar kafireta a hankali yake turawa, bai kai rabin bar guda ba a ma'aunin matsi da ake kira bar, alhali na mai nozul ɗaya yana wajen bar 1, na mai nozul huɗu kuma wajen bar 3. Da irin wannan matsi, ƙwayar datti ɗaya daga man jarka na 'yan bumburutu ta isa ta hana nozul rufewa, ya riƙa ɗiga ko an kashe mota. Alamarsa ita ce mota ta ƙi tashi da wuri bayan ka tsaya ɗaukar fasinja na 'yan mintuna, idan ta tashi kuma ta yi aman hayaƙi. A mai nozul huɗu, a zare siririn tiyon da yake shiga na'urar daidaita matsin mai. Idan aka ga fetur a cikinsa, robar cikin na'urar ta yage.

Fulogi ne shaidar da motocin biyu suka yi tarayya a kai, kuma da shi nake ba ka shawara ka fara. A kwance su duka huɗu a jera su yadda suka fito. Idan duk sun yi baƙin toka busasshe, matsalar ta gaba ɗaya ce: kafireta ko matatar iska a 504, sansa ko matsin mai ko nozul ɗin nan guda a Golf. Idan ɗaya ne kawai ya yi baƙi, a nemi laifin a silindarsa, wato nozul ɗinta idan tana da nata, ko wayar fulogin, domin wutar da ba ta kama sosai ma tana kawo kakkarwa da warin ɗanyen fetur. Wanda ya fito da maiƙo yana naso, wannan zancen baƙin mai ne, ba na fetur ba.

Saboda haka ban ga dalilin da zai sa ka tafi kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano sayen nozul tun yanzu ba, kuma ban goyi bayan masu cewa a cire injekta a ɗora kafireta ba, domin yawanci shan mai ƙaruwa yake yi, ga shi tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowace lita ciwo ce. Idan fulogi da allurar zafi ba su warware zancen ba, ka kai ta Dutse ko Kano wurin mai na'urar binciken da take karanta motocin Volkswagen, ya duba maka zafin da ƙwaƙwalwa take gani ya gwada da zafin injin na zahiri.

Ko wane ne ya zama dalilin, ka zaro sandar awon baƙin mai ka sansana. Fetur da ya yi yawa yana wanke jikin silinda ya gangara ƙasa ya tsinka man, kuma idan ka ji warinsa a jikin sandar, ka juye man ka sauya matatarsa ranar da aka gama gyaran, kafin ka sake yin lodin Alhamis.