Manhajar TVA Lake Info da kamun kirapi a hunturu

Duk mai zuwa fatsa a tafkin Kentucky da ke Amurka lokacin sanyi, shawarata ita ce ya sauke manhajar TVA Lake Info tun kafin ya sayi ƙugiya. Kyauta ce, kuma hukumar TVA mai kula da madatsun kogin Tennessee tun 1933 ce ta fitar da ita. Tana nuna tsayin ruwan tafki, da yawan ruwan da dam ya saki, da wanda ake sa ran zai saki. Aikinta ke nan, amma a hunturun da na yi ina amfani da ita, ita ta riƙa gaya mini inda zan tsayar da jirgi.

Kirapi kifi ne mai faɗin jiki kamar karfasa, namansa fari, mutanen kudancin Amurka suna ji da shi matuƙa. A dam ɗin Kentucky, wanda aka kammala a 1944, ana riƙe ruwa a tsayin ƙafa 359 sama da matakin teku da bazara, sannan a rage shi a hankali zuwa ƙafa 354 kafin hunturu, don ambaliya ta samu wurin zama. Ƙafa biyar a baki ba komai ba ce, amma tafkin shimfiɗaɗɗe ne. Wuraren da ake wucewa a guje a watan Yuni sai su koma laka da kututture, har su iya lalata farfelar inji.

Abin da na fi amfana da shi shi ne alƙiblar ruwan, wato yana hawa ko yana sauka. In yana janyewa da sauri, kirapi kan bar gefe ya koma bakin tsofaffin hanyoyin rafi da tafkin ya haɗiye, ya lafe cikin tarin rassan da masunta suka nutsar. In aka ƙara sakin ruwa, gudunsa ya yi ƙarfi, kifin ba ya son wahala cikin sanyi, sai ya ɓuya bayan kututture. A irin wannan ranar nakan bar tsakiyar tafki in shiga ɓangaren tafkin da ake kira Big Sandy, in sauke ƙugiya daidai kan rassan, in riƙe ta kusan ba motsi. Ranar da ta fi kyau ita ce wadda tsayin ruwa ya kwana biyu bai motsa ba. Wadda ta fi muni kuwa bayan ruwan sama mai yawa ce: tafki ya hau, ya yi jawur da laka, ga sanyi, kifi ya rufe baki. Da na ga lambar tsayin ruwa a manhajar ta yi tsalle cikin dare, nakan ajiye kuɗin mai in zauna a gida.

A sani dai ba don masunta kaɗai aka yi manhajar ba. Ganin ko ruwa ya gurɓace aikin idonka ne, kuma TVA da kanta tana gargaɗin cewa jadawalin sakin ruwa na iya sauyawa ba sanarwa, saboda buƙatar lantarki ko ruwan sama. Mai kamu a ƙasan dam ya ɗauki wannan gargaɗi da gaske, ya sa rigar ceto, domin ruwan hunturu ba ya jiran a kawo ɗauki. Kuma a tafi da ma'auni, don a wannan tafki kirapin da bai kai inci 10 ba mayar da shi ruwa ake yi.