Wasiƙa daga Birmingham: da kayan gwanjo na yi jeren falona

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Umma, ya yara da makaranta? Mu ma nan lafiya lau, sai sanyin da ya ƙi tafiya.

Na ga tsiyar da kika yi min a WhatsApp, wai tunda aka ga hoton falona kada in sake yi muku kukan babu. To bari ki ji gaskiyar zance. Tulunan furen nan da ke kan kanta, da madubin, da fitilar gefen kujera, in aka tara kuɗinsu duka ba su kai cefanenmu na mako guda ba. Gwanjo ne Yaya, tsantsarsa. Kuma kada ki ɓoye wa Umma, don a nan ba wanda yake jin kunyar faɗa. Baturiya za ta nuna miki kujerarta tana alfahari cewa fam 15 ta saye ta a hannun wasu.

Akwai shaguna na ƙungiyoyin agaji a kusan kowane babban titin unguwa: Oxfam, British Heart Foundation, Cancer Research, Barnardo's, har da Islamic Relief da aka kafa a garin nan a 1984. Abin ya daɗe, don Oxfam tun 1947 ta buɗe shagonta na farko a Oxford. Mutane ne ke kawo kayansu kyauta, a tantance, a manna wa kowanne farashi, kuɗin ya tafi aikin ƙungiyar. In mai kawo kayan yana biyan haraji kuma ya sa hannu a wata takarda, gwamnati tana ƙara wa ƙungiyar kashi 25 cikin ɗari a kan abin da aka sayar. Masu tsaron shagon da yawansu 'yan sa-kai ne, tsofaffin mata masu fara'a da son hira. Abin da ya fi ci min rai shi ne babu tayi. Ni da na tashi ina bin ki Kantin Kwari ina kallon yadda kike raba kuɗin atamfa biyu kafin ki fara magana, a nan sai dai in karanta takarda in biya, ko in ajiye in yi gaba.

Da farko na yi mamakin yadda mutum zai kwashi tangaran masu kyau haka ya bayar. Daga baya na gane cewa da yawa kayan mamata ne. Tsohuwa ta rasu, 'ya'yanta suna wasu garuruwa, kowa gidansa ƙarami kuma a cike, ga shi suna so su sayar da gidan. Sai su kira a zo a kwashe komai. Abin da a wajenmu za a zauna da malami a raba har cokali, a nan mota ɗaya ce take tafiya da shi. Wani lokaci in na ɗauki farantin da na san wata ta shekara hamsin tana adana shi don baƙi, sai jikina ya yi sanyi. Amma dai ina saye.

Ki san kuma ba duk shago ne ɗaya ba. Kayan unguwa ne ke zuwa shagon unguwa, shi ya sa nake hawa bas in tafi Harborne ko Solihull inda masu hali suke. Kings Heath ma shagunan a jere suke, ki fita daga wannan ki faɗa wancan.

Tulun da kika ce ya fi burge ki, mai ruwan ƙasa da ratsin ja, fam 4 na saye shi. Wata maƙwabciyata 'yar Pakistan ce ta koya min in riƙa kifa tulu in duba gindinsa kafin komai. Na wannan an buga masa “W. Germany” da lambobi biyu. Sunan ya nuna an yi shi tun Jamus tana rabe, kafin haɗewar 1990, lamba ta biyu kuwa tsawonsa ne a santimita. Bayan gindi sai ki ƙwanƙwasa bakinsa da farce. In ya yi ƙara siririya mai ɗan ja, lafiyarsa lau. In ya yi “ƙwas” ya tsaya, akwai tsaga ko da ido bai gani ba. Da na kawo shi gida na cika shi da ruwa na ɗora a kan jarida ya kwana, da safe na tarar da takardar a bushe, sannan na yarda da shi. Na gilashi kuma yawanci za ki same su da farin dusashe daga ciki. Ruwan binega da ɗan cokalin ɗanyar shinkafa nake zubawa, in toshe bakin da tafin hannu in girgiza, sai ya fito tas.

Tangaran ba ya wuya a yankin nan saboda Stoke-on-Trent, garin masu ginin tangaran na Ingila, bai fi tafiyar awa guda daga nan ba. Can ne Josiah Wedgwood ya kafa kamfaninsa a 1759, kuma har yau kina iya tsintar 'yan shuɗayen kwanoninsa masu farin zane a cikin tarkace. Ni dai ina wuce su, don yawancinsu siffofin mutane ne a jiki, Baban yara kuma ba zai yarda a jera su a inda muke sallah ba. Haka 'yan gumakan karnuka da na 'yan mata da suka cika kantoci. Tsofaffin farantai masu fenti ma ado kawai nake yi da su, ba na zuba abinci, saboda wasu na dā akwai dalma a fentinsu. Duk abin da yake na yadi kuwa sai ya sha wanki kafin ya shiga ɗaki, don gidajensu da karnuka suke kwana. Katifa ko kyauta ce ba na karɓa. Kuɗin cizo ba ya tambayar ƙasa.

Fure kuma ɗanye suke sawa, ba na roba irin namu ba. Daga Fabrairu zuwa Maris manyan kantuna suna sayar da damin wani rawayan fure a kan fam 1, ya yi mako a ruwa ya mutu. Sauran watanni busassun rassa nake tsinta a hanyar makarantar yara in zuba.

In kewar ciniki ta dame ni sai in jira Lahadi lokacin zafi. Ana cin wata kasuwa a fili da sassafe, kowa ya zo da motarsa ya buɗe but ya baza tarkacen gidansa a kan tebur. A nan ana tayi, kuma in rana ta ɗaga ba wanda yake son komawa gida da kaya, sai ki ga an haɗa miki uku a kuɗin ɗaya. Facebook kuwa shi ne dillaliyarsu, sai dai ba ya karɓar la'ada kuma ba ya kai gulma gida-gida. Har kyauta ake sa kaya a ce a zo a ɗauka. Kada ki ɗauka tsabar kirki ne: ƙaramar hukuma kuɗi take karɓa kafin ta ɗauke maka tsohuwar kujera, in ka yar a titi kuma tara ce. Mu 'yan gwangwan ne ke biyanmu su tafi da tsohon ƙarfe, su kuwa su ke biya a raba su da shi.

Amma Yaya, kada araha ta ruɗe ki ki ce mun fi ku. A nan kaya ne da araha, hannu ne da tsada. A Afrilun 2025 an mai da mafi ƙarancin ladan awa ɗaya ga wanda ya kai shekara 21 fam 12.21, mai sana'ar hannu kuma ya ninka haka. Na sayi kabad fam 20, mai motar da ya kawo min ita ya karɓi fam 30, ya kuma sauke ta a bakin ƙofa ya ce hawa bene ba ya cikin magana. Ni da Baban yara muka yi ta nishi da ita a matattakala. Sabo ma in kika saya a IKEA da ke Wednesbury, a kwali za a ba ki shi fale-fale da ɗan makulli da littafin hotuna, ki je ki harhaɗa da kanki. Kafintan da zai zo ya auna ɗaki ya yi miki gado yadda kike so, da telan da zai ɗinka labule a kwana biyu, da yaron da zai buga ƙusa a ba shi na goro, duk wannan a gida kuka bar mu da sha'awarsa. Wallahi in za a ba ni zaɓi tsakanin shagunan nan goma da kafintan layinmu guda, sai na yi dogon tunani.

Ƙusar ma ba a bugawa yadda aka ga dama. Gidan haya ne, kuma mun ajiye kuɗin jingina na hayar mako biyar, iyakar abin da dokar 2019 ta yarda mai gida ya karɓa. Duk ramin da kika bari a bango daga ciki za a cire. Da wasu maƙalai masu gam nake rataye hotuna, madubin kuma jingine shi na yi. Turaren wuta ma sai da dabara, don ranar da na zuba garwashi a kasko ƙararrawar hayaƙi ta tashi har maƙwabta suka leƙo. Yanzu na lantarki nake amfani da shi, taga a buɗe.

Ɗakunan ƙanana ne, jere irin namu na kwalla da samira har rufi ba zai shiga ba. Tun ina ganin falon Turawa tamkar ba a gama tarewa ba, har na saba da tulu uku a kan kanta. Ban ce ki rage wa 'yarmu kayan ɗaki ba, na san dangin miji da idonsu, amma bashin da ake ci don saitin da ba za a taɓa ci a cikinsa ba ya fara damuna.

Abu na ƙarshe, ina da aike. Ki duba bayan naira 20, matar da ke ginin tukunya Ladi Kwali ce, wadda ta yi aiki da Bature Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu. Tulunanta dubban fam ake sayensu a gidajen gwanjon Landan. Faifai ma na gan shi a manyan shaguna ana jera shi a bango, guda ɗaya a kuɗin da zai sayi dami a Kasuwar Kurmi. Don haka in kin samu mai tahowa, ki haɗo min faifai shida, manya da ƙanana, masu rinin ja da baƙi, da ƙwarya biyu masu zane. Ki naɗe ƙwaryar a cikin zani, kada a sa ta ƙasan akwati. Zan turo kuɗin ta hannun Yaya Babba ƙarshen wata. A gaida Umma da kyau, a ce ta ci gaba da sa mu a addu'a.

Ƙanwarki.