Formasiyon shugabanci da aikin ekip a Yamai: ga abin da na gani

Ƴan uwa da dama sun tambaye ni a WhatsApp ko formasiyon nan na shugabanci da aikin ekip da wata cibiya mai zaman kanta ke yi a Plateau ya ci kuɗinshi, to bari in amsa ma kowa lokaci guda. Rabinshi ya ci kuɗinshi har da ƙari, ɗayan rabin kuwa da sauran gyara.

Kuɗin dai ba kaɗan ba ne, ya haura SMIG ɗin ƙasarmu, wato albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yarda, wanda tun 2024 yake jika 42 a wata, amma suna yarda a biya kashi-kashi. Da marece ake shiga, bayan an tashi daga aiki. Ajinmu gauraye yake, akwai waɗanda sunka ƙare Jami'ar Abdou Moumouni suna jiran kira daga ANPE, hukumar sama ma mutane aiki, akwai masu serbis sibik, akwai wata hajiya mai shagon atamfa a Babbar Kasuwa, da wani dattijo da ya daɗe yana magazinye. Wannan gaurayar ita ta fi komi amfani wallahi.

Darasin cikin aji shi ne bai gamsar da ni ba. Komi da Faransanci, mushe, wato malaminmu, yana ta wuce hotuna a bango da misalan manyan kamfanonin Amurka, hajiya tana zaune shiru alhali yaran shagon da take juyawa kullum sun fi na wasu biro yawa. Ni kam na so a ce an kawo zancen samariya ta zamanin Seyni Kountché, yadda sarkin samari ke tara matasan unguwa a gina aji ko a share titi ba tare da ya biya kowa ko dala ba, ai shi ma darasi ne kuma namu ne. Abu guda da na riƙe shi ne bayanin wani masani ɗan Amurka, Bruce Tuckman, na 1965, cewa ekip sai ta bi matakai huɗu, a haɗu, a yi rigima, a daidaita, sannan aiki ya tafi. Kuma in kuran ya ɗauke sai a zauna cikin zafi ana jiran a tada grup, wanga ma ya kamata su duba.

Inda sunka burge ni shi ne aikin ekip ɗin kanshi. An raba mu ƙungiya-ƙungiya, kowace an ba ta aiki na gaske, mu namu shirya ranar tsabta ne a wata unguwa ta Harobanda can ƙetaren kogi, ma'ana sai an je wurin mai unguwa, a nemo baro da shebur da tsintsiya, a san wa zai kawo ruwan sha, a rubuta rahoto. Kuma shef ba ɗaya ba ne, kowane sati ana canzawa, ko kana so ko ba ka so sai ya zagayo kanka. Mushe yana zama can baya da kayensa, ba ya sa baki ko da rigima ta tashi, sai an ƙare ya tambayi shef, mi ya sa ka ba wane wannan aiki, wa ka bari bai yi magana ba?

Satin da wata yarinya ƴar lisans ta zama shef, dattijon nan ya zo reyuniyo a makare har an kusa tashi, kuma lisafin kayan aiki yana hannunshi. Kowa ya yi tsit don a Yamai ba a saba ganin yarinya ta tuhumi sa'an babanta ba. Ta bari sai da anka watse, ta same shi a bakin ƙofa ta gaishe shi ta ce, Baba, lisafin nan in babu ku ba mu iya motsi, wane lokaci ya fi muku sauƙi mu maida reyuniyon? Ya ce ɗiyata, gadar Kennedy ce ke riƙe ni da marece, ku sa bayan isha'i. Daga ranan bai sake latti ba. Washegari mushe ya ɗauki wannan ya yi darasi a kai, kuma shi ne darasin da ya fi kowane zama a kaina.

Sai sitaj, wato gwajin aiki da cibiyar ke tura mutum. Ni an tura ni wani shagon kayan gini kusa da Katako, inda na iske ana rigima kullum tsakanin mai kes da masu lodi saboda buhunan siminti ba su cika daidai da abin da ke cikin kaye. Patron ya ce in gwada abin da na koyo. Munka zauna da su wurin shayi, kamar dai fada, kowa ya faɗi inda abin ke kuɓuce mishi, munka yarda duk motar da za ta fita mutum biyu su ƙirga su sa hannu. Shawarar ma daga bakin wani mai lodi ta fito, aikina kawai shi ne na sa anka saurare shi.

Amma ba kowa ya yi dace irin nawa ba, kuma nan ne babban laifin cibiyar. Wasu abokanmu sun daɗe suna jira kafin a samo musu wuri, wata kuma an kai ta biro inda fotokopi kaɗai take yi har ta ƙare, ba wanda ya zo daga cibiya ya duba ta. Atestasiyo ma ta yi jinkiri.

Don haka wanda zai je, kafin ya biya ya tambaye su ina za a kai shi sitaj, wa zai bi sawunshi, kuma a rubuta mishi a takarda. Mai ƙaramin hali kuma ya fara leƙawa ANPE da FAFPA, asusun tallafa ma horon sana'a, ya ji ko akwai horon da suke tallafawa a lokacin. In kana da aiki a hannu ko shago da yara, kai ne za ka fi kowa morewa, don abin da anka yi da dare da safe za ka gwada shi.